Kunyar Ɗan Fari Ce, In Ji Likita

Wata rana wata dattijuwa, Gwaggo Tasalla, ta shiga babban asibitin garinsu da jariri goye a baya, tana janye da hannun uwar jaririn.

Uwar sunanta Murja, 'yar ƙanin Gwaggo ce. Haihuwar fari, ta zo wankan jego gida. Ranar kwananta talatin da ɗaya da haihuwa.

Zuwansu na uku ke nan.

Na farko aka ce maleriya ce. Na biyu aka ce taifot. Sau biyu ana ɗiban jini takarda na fitowa fes, amma aka rubuta magani duk da haka, don kada a ce an sallami mutum hannu rabbana.

Murja dai ba ta ci sai an tsaya a kanta. Ba ta barci. Ba kuka, ba dariya. Jaririn zai tsala ihu, ita kuwa ta juya ta kalli bango.

Matan gida kuma sai yabo suke. "Yarinyar nan akwai kunya. Ko kallon ɗan farin ba ta yi. Tarbiyyar iyaye da kakanni ke nan."

Kun san abinmu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a idon mutane.

To amma Gwaggo Tasalla mata goma sha tara ta yi wa jego. Ta san kunya ciki da waje. Ta san mai jegon da za ta share ɗanta a tsakar gida, da ta shige ɗaki ta saki labule sai a ji tana sumbatarsa kamar za ta cinye shi.

Sai ta riƙa leƙen Murja ta gefen labule.

Jariri a wannan ƙarshen gado. Uwa a wancan. Ido a rufin ɗaki.

Ranar Talata, Gwaggo na fyaɗa mata ruwan zafi da ganye, Murja ta ce a hankali, "Gwaggo, da babu ni da yaron nan ya huta."

Da ta fito wanka ta je ta tsaya a bakin rijiya. Ba guga a hannunta.

Kafin la'asar Gwaggo ta sa an garƙama wa murfin rijiyar kwaɗo, ta ƙulle makullin a haɓar zaninta.

Da wannan makullin ta shiga ɗakin likita, bayan sun ci layi tun safe har kusan azahar.

Likitan matashi ne. Kansa a sunkuye, biro na gudu a kan kati tun kafin su zauna. Gwaggo ta zayyana masa komai: rashin barci, rashin ci, juya wa ɗa baya, tsayuwar bakin rijiya.

Ya yi 'yar dariya, bai ɗago ba.

"Mama, kunyar ɗan fari ce, duk matanmu sun yi. Jininta lafiya, jikinta ba zafi. Ta rage tunani, ta yawaita addu'a. Akwai masu ciwon gaske a waje. Na gaba."

Gwaggo ta gyara goyonta. Maimakon ta tashi, ta zauna daram. Ta kwance haɓar zani, ta ajiye makullin a kan katin da yake rubutu.

"Ɗan nan, kunya a gaban mutane ake yin ta. Wannan ko daga ita sai shi a ɗaki ba ta kallonsa. Ga makullin rijiyar gidana. Rubuta a katin nan cewa na gaya maka don ita na kulle, kai kuma ka ce mu tafi gida. Ka sa sunanka, ka sa hannu. Sai mu tashi."

Biro ya tsaya.

Nas ɗin da ke bakin ƙofa ta buɗe baki za ta kira na gaba, ta kalli fuskar Gwaggo, ta fasa.

Zuwa uku, sai yanzu likitan ya ɗaga kai ya dubi Murja. Ya ga idanun da suka faɗa. Ya tambaye ta yaushe rabonta da barci.

Hawayen da ta yi wata guda ba ta zubar ba suka ɓalle.

Bai rubuta abin da Gwaggo ta ce ba. Wata takardar ya jawo, ya rubuta a kai su sashen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Kun san inda sashen yake?

Bayan ɗakin karɓar magani. Taku arba'in bai kai ba. Sau biyu suna wuce ƙofarsa da maganin maleriya da na taifot a leda.

Can aka ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Yana da suna, yana da magani. Aka kwantar da ita kwana shida, aka ɗora ta a kan magani, aka sa mata ranar zuwa duk mako a zauna a saurare ta.

Ba dare ɗaya ta warke ba. An yi arba'in, an wuce, makulli na nan a haɓar zani.

Sai wata hantsi, yaro na da wata uku, Gwaggo ta zo wucewa ta ji gwaranci daga ɗaki. Ta leƙa.

Murja ce ta ɗaga shi sama, tana goga hancinta a cikinsa, yana ƙyalƙyala dariya.

Suna haɗa ido da Gwaggo ta yi wuf ta dire shi a gado, ta kau da kai, wai ita ninke zani take.

Gwaggo ta saki labulen.

"Yauwa. Wannan ita ce kunya."

Ta wuce bakin rijiya ta cire kwaɗon.

Darasi:

Likita, mun san layi ya yi maka yawa, mun san ka gaji. Amma ba duk ciwo ne yake fitowa a takardar gwajin jini ba. Wanda ya ce maka zuciyarsa ta yi nauyi ba wa'azi ya zo nema ba, ya baro malamai a unguwarsu. Mai karaya ma yana addu'a, kuma ɗori kake yi masa. Idan ba fanninka ba ne, nuna masa ƙofar da ta dace. Ɗaga kai ka dubi mutum bai kai minti ɗaya ba.

Ke kuma da kika rako mara lafiya, ke kika kwana da shi, ba mai farar riga ba. Idan kin ga abin da kika gani, kada dariyar kowa ta tashe ki daga kujera. Ki faɗa. Ki sake faɗa. In an ƙi ji, ki ce a rubuta a sa hannu.

Tura wa duk gidan da ke da mai jego. In kana da likita a dangi, shi za ka fara tura wa, ko da zai yi fushi.