Injin Dunƙula Magani da Na Ƙera wa Mahaifiyata

Shekarun baya can, tun Turawa ba su miƙa mulki ba, ina saurayi ina sana'ar ƙira a Kusada. Mahaifiyata kuwa magani take bayarwa. Sassaƙen maɗaci da saiwoyi take dakawa ta tankaɗe, mai shawara ko zazzaɓi ya dama ya sha yana yamutsa fuska. Da aka buɗe ɗakin magani a Kankiya, sai ƙafa ta ɗauke daga ƙofarta. Can ƙwaya ake ba mutum ya kora da ruwa, ba ɗaci ba komai. Ba ta taɓa ƙorafi ba, amma na sha ganinta tana share zaure sau biyu ba wanda ya shigo.

Malamin da ke ba da magani a Kankiya abokina ne. Na hau keke na same shi, na ce, "Wai ƙwayar nan, matan Ingila ke zama su mulmula ta ɗaya-ɗaya?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauko wani littafin odar kaya ya nuna mini hoton injin. Faifan ƙarfe ne mai juyawa, an zagaye bakinsa da ramuka. Kowane rami da 'yan tabarensa biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Gari ya zubo daga mazurari ya cika rami, faifan ya juya ya kai shi tsakanin wasu tayoyi biyu, su danne tabaren, gari ya dunƙule. Gaba kaɗan tabaryar ƙasa ta hau wani ɗan tudu, ta turo ƙwayar waje.

Na ce, "Af! Ashe turmi ne ya koyi zagaya. Ba ni wata guda."

Wata huɗu na yi. Faifan na sassaƙo shi daga itacen ƙirya, na yi masa ramuka shida. Tabaren daga ƙafar wani tsohon gadon ƙarfe na yanko su. Sarƙa da feda kuwa kekena ne ya sadaukar, na koma tafiya a ƙasa. Gwajin farko, gari ya shiga gari ya fito. Abokina ya ce sai an sa abin da zai riƙe shi. Na jiƙa ƙaro na zuba, ban yi rowa ba.

Ranar nuna wa jama'a, kawuna ya zo takanas daga Mawashi, maƙwabta suka cika tsakar gida. Kawu ya matso ya sunkuya, hancinsa dab da faifan, wai yana son ya ga inda dabarar take. Ni kuma ganin mutane ya sa na murza feda da dukan ƙarfina.

Tudun nan ashe na yi shi da tsayi, ƙaron kuma ya mai da ƙwayoyin kamar tsakuwa. Ta farko ta sami Kawu a goshi, ƙwas! Ta biyu ta tafi da hularsa. Sauran suka bi kan jama'a, mata suka yi ɗaka da gudu. Kaji suka rufa wa na ƙasa, kowace ta tsinci ɗaya sai ta tsaya tana kaɗa kai tana goga baki a ƙasa.

Kawu ya dafe goshi ya ce, "Kai wanga yaro! Magani ka ƙera ko bindiga? In Bature ya ji ka yi bindiga ba lasin, ni dai ban san ka ba."

Ban karaya ba. Na goge tudun da magagari, na rage ƙaro, na sa ɗan marfin gwangwani yana tare ƙwayar ta gangara cikin ƙwarya. Sai ga su sumul-sumul, kansu ɗaya. Na cika ƙwarya na kai wa mahaifiyata ina tafiya kamar wanda aka naɗa.

Bayan mako guda na shigo da hantsi na ji daka. Na leƙa turmin, sai ga ƙwayoyina.

"Inna! Mi kike yi haka?"

"Ina mai da shi magani," in ji ta, ba ta ko tsai da tabarya ba. "Wani tsoho daga Fakuwa ya haɗiye biyu, ya komo ya ce bai ji komai a harshe ba, wai ƙwallon magarya na ba shi. Mai son ƙwaya ya san hanyar Kankiya. Wanda ya zo wurina ɗacin yake biɗa."

Na juya zan fita rai a ɓace. Da ta ga haka sai ta ce, "Kada ka fasa. A dunƙule ba ya jin sanyin damina, ga shi ba sai na auna ba. Babba in daka mashi biyu, yaro ɗaya."

Haka na shekara da shekaru ina dunƙula gari domin a sake daka shi.

Wata huɗu ina fama da ƙarfe, ban taɓa zama na tambaye ta abin da take bukata ba. Tun daga nan ko lauje aka ce in ƙera, sai na ji me za a yanka da shi.

Ba ta taɓa yaba mini a gabana ba, ni ne ɗan fari. Sai bayan rasuwarta maƙwabciyarmu ta gaya mini cewa in ba na gida, Inna takan kai baƙi rumfar ƙirata ta nuna musu injin, ta ce, "Amfaninshi kaɗan ne. Amma ku tafi har Kano ku gani in akwai irinshi."