Mai Aski a Ɗakin Maza

Mai aski ya tuba ne da furfura a kansa, bayan giya ta gama watsa masa gida. Matarsa ta daɗe da kwashe kayanta, ɗansu tilo kuwa ko a hanya ya hango shi sai ya tsallaka titi. Abin da ya rage masa bai wuce shago mai kujera ɗaya ba, da ɗaki a baya inda yake cin abinci a tsaye, tunda ba wanda zai zauna su ci tare.

Wata Lahadi ruwan sama ya kora shi cikin coci, ya tarar ana karanta labarin ɗan nan da ya ɓata ya komo wurin ubansa. Ya yi kuka har ya ji kunyar kansa, kuma daga ranar bai sake kurɓar giya ba. Sai dai wani tsoro ya zauna masa a zuciya. Ya yarda an yafe masa, amma me Allah zai yi da mutum irinsa? Ya ƙudura sai ya kawo ko da mutum ɗaya wurin Yesu, sannan zai san yana da amfani.

To, a nan ya tafka ta. Sai ya shafa wa mutum kumfa, ya kwantar masa da kai, ya ɗora aska a maƙogwaro, sannan ya sunkuya ya ce, "Ɗan'uwa, idan ka mutu yau ɗin nan, ina za ka?"

Wani direba ya fice da rabin gemu, tawul a wuya, ko waiwaye bai yi ba. Kafin wata ya zagayo shago ya zama kango. Mai aski ya yi ta yini shi kaɗai yana wasa askar da ba ta dakushe ba, yana gaya wa kansa irin tsanantawar da aka yi wa manzanni ce.

Fasto ya ji labari, ya danne dariya da ƙyar. Ya ce, "Baba, wannan ba tsanantawa ba ce. Ko ni ka yi wa haka sai na ranta a na kare."

"To in yi shiru ke nan, Fasto? Shekarun da na ɓata fa?"

"Ka ɗauki jakarka ka je asibiti, ɗakin maza. Akwai waɗanda ba mai zuwa duba su. Amma wa'azin ka bar shi a gida."

Abin ya yi masa ciwo, ya ji kamar an mayar da shi bencin baya. Haka nan dai ya tafi.

A gadon ƙarshe, jikin taga, akwai wani tsohon birkila da gemunsa ya cukurkuɗe da guntun abinci. Lokacin ziyara kowa da nasa, shi kuwa bango yake kallo. Mai aski ya zuba ruwan ɗumi daga fulas, ya jiƙa tawul, ya fara da almakashi, sannan aska, yana jan fatar da ta saki da yatsu biyu. Magana ta cika masa baki, ya yi ta haɗiyewa. Haka ya riƙa zuwa duk mako, ya koma ɗakinsa yana jin bai yi wa Allah komai ba.

Ran nan yana goge masa fuska, tsohon ya kama masa hannu.

"Ɗan'uwa, rabon da wani ya taɓa fuskata tun rasuwar matata." Ya numfasa. "An ce daga coci kake. Yi mini addu'a mana."

Ayoyin da mai aski ya hardace duk suka gudu. Ya tsaya da tawul a hannu. Da ƙyar ya ce, "Ya Uba, ga mu nan mu biyu. Ba mu da kowa sai kai."

Ya nemi abin da zai ƙara, ya rasa.

Tsohon ya ce, "Amin. Ya isa haka."

Mai aski yana haɗa kaya, hawaye ya hana shi ganin bakin jaka, sai ya ji murya daga gadon da ke gefe.

"Mai aski, in ka gama ka zo nan. Ba aski nake so ba. Ka zo dai ka zauna."