Kurkunun Baba a Hannun Gwaggo Baturiya

Gwaggo Baturiya yayar mahaifina ce. Ba ta yi boko ba, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma duk wanda ya tashi a ƙauyenmu da ke gefen Yako ya san hannunta. Ita ce mai cire kurkunu. Abin da zan faɗa ya faru ina 'yar shekara bakwai. Wani na gani da idona, sauran daga bakin Inna mahaifiyata na ji.

Asalinmu ba 'yan nan ba ne. Ruwan dam ɗin Tiga ne ya cinye garinmu, aka taso da iyayenmu. Gwaggo takan ce ruwa ya koro su, suka zo inda ruwa ke gudun mutane. A farin da aka yi a 1984 rijiyoyinmu uku duk suka ƙafe, kowa ya koma shan kududdufin bayan gari, wanda a da sai shanu. Da shekara ta zagayo, kurkunu ya fito wa kusan rabin magidanta. Na Baba a idon sawun dama ya fito, daidai da saukar ruwan shuka.

Damina ta riga ta sauya hali a shekarun nan, ta zo a makare, ta ɗauke da wuri. Maƙwabta sun taimaka sun yi wa Baba shuka, amma noma kowa ta kansa yake yi. In Baba bai miƙe ya riƙe fartanya cikin wata guda ba, ciyawa za ta cinye geron, rumbunmu kuwa ko dami ɗaya babu.

Kullum da hantsi Gwaggo takan zo ta zauna a tabarma, ta ɗora ƙafarsa a cinyarta. Ta jiƙa wurin, kan kurkunun ya leƙo fari kamar zare, ta naɗe shi a jikin wani siririn kara. Iyakar abin da ya yarda ya fito take ɗauka, wata rana tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko rabin haka bai kai ba. Sannan ta ɗaure karan da ƙyalle. Domin in ya katse a ciki, ƙafa kumbura take, mutum ya yi wata uku a kwance.

A kwana na goma Baba ya ƙosa. Ya ce, “Yaya, ki fizge shi kawai mu huta. Gero na can yana mutuwa.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Umaru, kai da ko guga ba ka taɓa jawowa ba ka zubar da rabi ba, kai za ka koya mini ja?”

Al'adar mutane a lokacin, in ƙafa ta ɗau raɗaɗi kamar wuta, sai su dogara sanda su je su tsoma ta a kududdufi su ji sanyi. Ran da Baba ya yi niyyar haka, a zaure Gwaggo ta tare shi. Ta zaunar da shi, ta zuba ruwa a wurin, ta tara ƙwarya. Muna kallo wani abu fari kamar tsinkakken nono ya fito daga kurkunun ya bi ruwan.

Ta ce, “Ka ga wannan? 'Ya'yansa ne. Shekara da shekaru ina gani. Su za ka kai mana inda muke sha?”

Baba ya jingine sandarsa. Ta sa aka haƙa rami a bayan gida, a can ake zubar da ruwan ƙwaryar. Ta kuma sa Inna ta riƙa tace ruwan sha da wankakken ɗankwali a bakin randa. Matan unguwa suka yi ta dariya, wai randar gidanmu ta fi su ado.

A rana ta ashirin da uku wutsiyar ta fito, bai katse ba. Gwaggo ta ware shi a ƙasa, ya kusa kai tsawon hannun Baba. Kwana huɗu bayan nan Baba ya ɗingisa zuwa gona, wani wurin a durƙushe ya nome shi. Geron bai yi yawa ba, amma ya kai mu har bazara. Shekarar da ta biyo baya, kurkunu ya dawo gari, bai shigo gidanmu ba.

Ina aji huɗu a sakandare malamin kiwon lafiya ya zana mana wannan cuta a allo, ya ce ƙwayoyinta a ruwa suke fita, a ruwa kuma ake shansu. Na kasa rubutu, ina ta kallon allon. Da na zo hutu na faɗa wa Gwaggo, tana sussukar gero a tsakar gida.

Ta tsaya, ta gyara riƙon taɓarya, ta ce, “To, ashe su ma sun gani.”