Ruwan da Na Gasa wa Ummi Ƙafa

Wata Laraba ce cikin damina, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, ina aji biyar a Dutse. Ruwa ya ɗauke, ƙawayena sun zana 'yar gala-gala a jiƙaƙƙiyar ƙasar ƙofar gida suna ƙwala mini kira, ni kuwa Inna ta ɗaure ni da aiki, wai in gasa wa ƙanwata Ummi ƙafa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ummi ciwon ƙoda gare ta. Sau biyu a mako Baffa yake sa ta a motar haya zuwa Kano a yi mata wankin ƙoda, su dawo ta yi laushi kamar tsumma. A gida kuwa kakarmu ta kafa doka, marar lafiya ba ya shan rana, ba a kuma barin idon mutane yana faɗa masa. Sai aka killace ta a ɗakin Inna, labule a sake. Kullum kukanta ɗaya: "Yaya, tururuwa na yawo a ƙafata, ga sanyi."

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba. Ranar Larabar nan na kamfato ruwa daga tukunyar da ke kan murhu na juye a roba, ban sirka ba, ban tsoma hannu ba. Ai mai ƙafa ita za ta faɗa. Na saka ƙafafunta na ce, "Da zafi?" Ta ce, "Ko ɗumi ban ji ba." Na yi waje da gudu. Ko zagaye biyu ban yi ba na jiyo salatin Inna. Fatar ta yi bororo har idon sawu, Ummi na zaune tana kallon ƙafafun kamar na wata.

A Kano likita ya bayyana wa Baffa cewa ciwon ya taɓa jijiyoyin ƙafarta, shi ya sa ba ta jin zafi. Gwajin jini ya nuna alamun kumburi a jiki, bitamin D kuma ya yi ƙasa sosai. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce a riƙa fito da ita ta sha hantsi. Kakarmu ta yi ta mita, amma aka shimfiɗa tabarma kusa da turken awaki. Nan nake zama gefenta ina korar ƙuda, ƙafata na ƙaiƙayin wasa, kunya ta hana ni tashi. Ƙunar ta warke da ƙyar. Ummi ba ta ga wata daminar ba.

Yanzu ba sai an je Kano wankin ƙoda ba, kuma tun ranar farko ake gargaɗin iyaye kan ruwan zafi. Mu babu wanda ya gaya mana. Har Inna ta rasu, cewa take ciwo ne ya ƙona mata 'ya. Ummi kuwa a gabanta na juye ruwan, ta ga ban sirka ba, kuma ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.