Gashin Kaza a Damtsen Inna

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, ina koyarwa a firamare a Birnin Kudu, ƙanwata ta aiko mini da saƙo cewa wani tabo ya fito wa Inna a damtse. Ranar Juma'a na hau mota sai Gwaram.

Inna fura take yi ta sayarwa. Rabin unguwarmu furar da hannunta ya mulmula suke sha, da ita kuma take riƙe gidan tun rasuwar Baba. In aka ce kuturta ce, ko kyauta ta bayar babu mai karɓa. Sunan cutar ma ba wanda ya iya furtawa a gidan, sai kallon-kallo.

Na tarar da ita a gindin turmi. Tabon fari-fari ne, bai fi bakin ludayi ba, ba ƙaiƙayi, ba zafi. Rashin zafin nan shi ya fi tayar mini da hankali.

"Ku dai 'yan boko da neman magana," in ji ta. Ta dangwala yatsa a wurin, ta murza. "Ga shi ina ji sarai. Kullum sai na taɓa."

Na san ba ƙarya take yi ba, amma raina ya ɓaci. Inna akwai taurin kai, ni ma a wurinta na gada. Mutum ba ya iya yi wa kansa cakulkuli. Kafin yatsa ya sauka, kai ya riga ya san inda za shi da abin da za a ji, sai ya ba ka labarin tun fata ba ta ce komai ba. Wata biyu ke nan Inna tana tambayar hannunta, hannun yana gaya mata abin da take so.

Wani malamin asibiti ya taɓa nuna mini yadda suke gwadawa. Na tsinci gashin kaza a bakin akurki.

"Inna, rufe ido. Duk inda kika ji, ki nuna mini."

Ta yi tsaki, ta rufe. Na shafa mata a wuya, ta noƙe tana dariya. Na shafa a gwiwar hannu, ta kai mini duka.

"Ke, ja'ira, wasa kika mai da ni?"

Sai na ɗora gashin a tsakiyar tabon. Na ja shi a hankali, na sake ja. Na juya gashin na danna tsinkensa har fatar ta lotsa. Tsoro ya kama ni. Ƙanwata tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta toshe baki da gefen zane.

Inna na zaune ido a rufe, da sauran dariya a fuskarta.

"To taɓa mana," ta ce. "Ina da daka a gabana."