Bututun da Ke Rataye a Ƙusa

Ina tsugune bayan wani firiji ina ɗura masa gas aka kira ni a waya, aka ce ƙanena ya rasu a hanyar Jos. Na ajiye wayar, na ƙarasa ɗura gas ɗin. Har yau ban san abin da ya sa na ƙarasa ba.

Shi ne ya yi karatu a gidanmu. Ni a firamare na tsaya. Shekara tara ya yi a jami'a yana bincike kan inji mai jan zafi daga iska ya kai shi inda ake so. Yakan ce firiji ne aka juya. Burinsa ya busar da tumatirin da ke ruɓewa a kasuwar Muda Lawal ba tare da ya yi baƙi ba. Shi ke lissafi, ni ke walda. In na kuskure sai ya ce, "Yaya, ai tukunyar miya ka haɗa mana."

Farfesan da ke shugabantarsa ya fitar da aikin da sunansa shi kaɗai. Ƙanena ya yi watanni yana ramewa, sannan ya rubuta koke. Koken zai kai Abuja ranar da ya rasu.

Ran sadakar uku farfesan ya zo. Bayan addu'a liman ya ce a yafe wa mamaci, a yafi juna. Kowa ya amsa, ni na kame bakina. Sai farfesan ya matso.

"Malam, injin da muka haɗa ƙona kaya yake yi. Ko marigayi ya bar wani rubutu?"

Bai bari ba. Gyaran ƙarshe a shagona muka yi ni da ƙanena, tsawon siririn bututun da ke rage ƙarfin gas. Mun yi ta yanka har tumatir ya fito ja. Da taƙin hannuna ya auna shi. Na yanki sabo, ya ce in bari ya dawo mu haɗa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ai aikinka ne. Me mai gyaran firiji ya sani?"

Sau uku ya aiko. Na ce ya mai da sunan ƙanena kan takarda, ya faɗe shi da bakinsa gaban ɗalibai. Bai yi ba.

Kullum nakan wuce kwandunan tumatir suna tsiyaya, na san ƙanena ba zai so shiruna ba. Injinmu na kusurwar shago cikin tampol. Bututun yana rataye a ƙusa, ban haɗa shi ba.