Ninkin da Gwaggo Ke Bari

Littafin da ƙungiyarmu ke bugawa duk ƙarshen shekara ya fito makon jiya. Na buɗe shi shafi-shafi. Ga hoton Shugaba, ga na baƙin da ke turo mana taimako, ga ni ma a gefe, baki buɗe kamar mai hamma. Har tankin ruwa an ɗauke shi hoto. Amma matar da ta ɗinka kowace riga da yaran nan sittin ke sanye da ita a cikin hotunan, ko inuwarta babu. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, wanda zai ji haushi ya ji.

Aikin ƙungiyar ba ɓoyayye ba ne. Matan da mazansu suka rasu ko suka gudu suka bar su da yara, su muke koya wa karatu da sana'a, 'ya'yansu kuma mu sa su makaranta, mu ba su littattafai da kayan makaranta. Ni ina koyar da matan karatu kwana uku a mako, ina kuma cikin kwamiti, don kawai na gama sakandare kuma rubutuna yana karantuwa.

Ita kuwa kowa Gwaggo yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ɗakinta yana bayan sito, inda da ake ajiye tsintsiya da bokiti. Taga ɗaya ce, ƙarama, tana kallon tankin ruwa. A ciki akwai keken ɗinki, kujera da aka ɗaure ƙafarta ɗaya da waya, da gwangwanin madara cike da maɓallai. Shekara goma sha huɗu ke nan da ta fara shigowa harabar nan, a matsayin ɗaliba, wata uku bayan motar da mijinta ke tuƙawa ta faɗi da shi. Ta zo da 'ya'ya mata biyu riƙe da zaninta. A ajin ɗinki ita ce ta ƙarshe. Malamar ɗinkin ta taɓa ɗaga wani siket da ta yi, ta ce layin nan ko tururuwa ta fi shi sanin inda za ta. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi, ta karɓi siket ɗin ta warware shi ta sake. Waɗanda suka yi mata dariya duk sun watse, ita ta zauna. Da ta gama koyo aka ba ta keke, an rubuta sunan ƙungiya a jikinsa da farin fenti, manya-manyan baƙaƙe. Da keken nan ta raini 'ya'yanta. Babbar yanzu tana aiki a kantin magani, ƙaramar tana da yara biyu.

Gwaggo tana da wata ɗabi'a a ɗinki da ta sa iyaye mata suke tsokanarta. Idan ta auna yaro da tef, sai ta ja da baya ta kalle shi, ta ƙara abin da idonta ya gaya mata. A ƙasan kowace riga, kowane siket da wando, tana barin ninki mai faɗin yatsu huɗu. Ranar da aka raba kaya za ka ga yara suna iyo a cikin riguna. Wata uwa ta taɓa tambayar ta ko rigar ta ɗan ce ko ta uban da ya gudu, in ya dawo ya samu abin sawa. Gwaggo ta ce mata ta dawo bayan wata tara su yi maganar. Takan ce ita yaron yau take aunawa, amma yaron baɗi take ɗinka wa. In ya yi tsawo a kawo, ta saki ninkin, riga ta ƙara shekara. Awon kuma a bango take rubuta shi da alli, kuma ba ta sa sunan kowa. Kowane yaro da laƙabin da ta ba shi: Sarkin Kuka, Mai Kunne, Ba-ni-ba-ne, Auta.

Bana aka zo mana da sabon abu. Shugaba ta dawo daga wani taro da kwali cike da bajo, wato ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannun yaro, an zana tambarin ƙungiya a kai: hannaye biyu a buɗe, da yaro a tsakiya. Ta ce a ɗinka wa kowane yaro a kan aljihun ƙirji, don masu taimako in sun ga hoto su san inda abinsu ya tafi. Ba muguwar mace ba ce Shugaba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Ita ke yawo ofis-ofis tana roƙo a kanmu, har takalminta ya cinye. Amma ba ta taɓa shiga aji da rigar kyauta ba.

An kira Gwaggo gaban kwamiti don a gaya mata. Ta juya bajon a hannunta, ta tambaya ko ba za a iya sa shi daga ciki ba, a wuyan riga. Aka ce mata abin da ke ciki ai ba ya fitowa a hoto. Aka ce a ɗaga hannu. Na ɗaga nawa. Ina faɗa ne don kada wani ya ɗauka ina wanke kaina. Mu bakwai, manyan mata da maza masu furfura, babu wanda ya tsaya ya tambayi yadda filin wasan makaranta yake. Gwaggo ta ɗauki kwalin ta tafi, ta ɗinka sittin ɗin nan tsaf, don ba ta iya aikin banza ba ko da ranta ba ya so.

Auta 'yar mai wankau ce, shekararta goma, tana aji huɗu. Uwarta tana cikin ɗalibaina, mace ce da hannayenta suka tsattsage saboda sabulu. Yarinyar ga kai ga baki. A lissafi babu mai kama ta, a faɗa ma haka. Mako uku da komawa makaranta, wata safiya Gwaggo tana zura zare a allura kusa da taga don ta samu haske, sai ta hango ƙafafu biyu cikin farar safa a bayan tanki. Ta leƙa, ta ga Auta zaune a kan jakarta, ta dafe ƙirji da hannu ɗaya.

Gwaggo ba ta yi mata tsawa ba. Ta ce ta shigo ta taya ta tsince maɓallai, idonta ya fara gajiya. Sai da yarinyar ta tsince rabin gwangwani kafin ta sauke hannun. Aljihun ya yage har ƙasa, rigar ma ta tsage. Da reza ta yi ƙoƙarin cire bajon, ɗinkin Gwaggo kuwa ba ya cirewa da wasa.

A hankali labarin ya fito. Tun ranar farko 'yan ajinsu suka gane abin da bajon ke nufi. In ta wuce sai su haɗa hannaye biyu su miƙa mata kamar masu bara. In ta ci lissafi, su ce ai da sadaka ta ci. Ta mari ɗaya, aka yi mata bulala. Tun daga nan kullum takan yi shiri ta fito gida, ta zo bayan tanki ta zauna har a tashi. Kwana takwas ke nan. Uwarta ba ta sani ba.

Gwaggo ta aiko aka kira ni daga aji. Ni na san abin da su biyun ba su sani ba: a makarantar, yaron da ya yi kwana goma ba a gan shi ba kuma babu dalili, ana cire sunansa, mu kuma a wajenmu akwai yara fiye da ashirin da ke jiran gurbi. Ranar Alhamis ce. In Litinin ta yi Auta ba ta cikin aji, shi ke nan. Na buɗe baki na fara yi wa yarinyar faɗa, irin faɗan da na iya, cewa uwarta na can tana cuɗa kayan mutane ita kuma tana nan tana zaman banza. Gwaggo ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya. Na bar faɗan.

Ta sa Auta ta cire rigar ta ɗaura wani guntun yadi. Ta juya rigar, ta warware ninkin ƙasa, ta yanko yatsu uku daga ciki. Yadi ɗaya ne, wanki ɗaya suka sha, launi bai bambanta ba. Da shi ta toshe tsagar, ta yanka sabon aljihu. Tana yi tana ce wa yarinyar kada ta kuskura ta yi tsawo bana, don ta cinye rabonta na baɗi.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta ce ko an cire bajon ba za ta koma ba, ai duk sun riga sun sani.

Gwaggo ba ta musa mata ba. Ta ce gaskiya ne, sun sani, kuma ba za su manta gobe ba. Sai ta tashi daga kujera, ta zaunar da yarinyar, ta ɗora ƙafarta a kan feda, ta dafa hannayenta a kan yadin. Layin farko ya karkace, suka warware. Na biyu ma haka. Ta ba ta labarin siket ɗinta da tururuwa. A na huɗu aljihun ya zauna, ɗan gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo kaɗan.

"In sun tambaye ki ina bajo, ki ce aljihun ya yage kin ɗinka wani," in ji Gwaggo. "Ki tambaye su wa ya iya a cikinsu."

Daga nan ta ce mini in gaya wa matan ajina kowace ta kawo rigar ɗanta kafin Lahadi. Na tambaye ta ko ta san kwamiti bai ba da izini ba, kuma akwai teloli a gari da za su karɓi aikin nan da gudu. Ta ce ta sani. Na je na faɗa wa matan. Ashe ba Auta kaɗai ba ce. Wata uwa ta ce ɗanta a juye yake sa rigarsa, wata ta ce tata kullum da jaka a ƙirji take tafiya ko ana zafi. Sun yi shiru ne don kada a ce sun raina kyauta. Kwana biyu Gwaggo tana zaune da ƙaramin almakashi tana tsinke ɗinkin da ta yi da hannunta, zare-zare, don kada riga ko ɗaya ta huje.

Ranar Asabar Shugaba ta shigo ta tarar da tulin bajo a kan tebur. Ina wurin. Ta yi faɗa, kuma faɗanta da hujja. Ta ce baƙi za su zo ƙarshen wata, me za ta nuna musu, da me za ta roƙo wa yaran na baɗi. Ta ce in Gwaggo ba za ta bi umarni ba, ta faɗa a nemi wani. Gwaggo ta bar ta ta gama. Sannan ta dafa keken, daidai kan farin fentin da ya fara gogewa.

"Ranki ya daɗe, shekara goma sha huɗu ina zaune a bayan wannan rubutu. Duk wadda ta kawo ɗinki sai ta karanta shi kafin ta gaishe ni. Ban taɓa kankare shi ba, don na gode, kuma ni babba ce, zan iya ɗauka. Ita shekararta goma."

Shugaba ta dubi keken. Ta ja kujerar nan mai waya ta zauna, ta kusa faɗuwa, ta tambaya cikin sanyin murya to hoton fa. Gwaggo ta janyo wani farin yadi daga ƙarƙashin tebur. Ta riga ta jera bajo ashirin a kai, layi-layi. Ta ce in an gama sittin ɗin a rataya shi a bango, yara su tsaya a gabansa, masu taimako su ga hannayensu har su gaji da gani. Shi ne yadin da ke bayan yaran a shafi na uku na littafin nan. Kowa ya yaba shi, ba wanda ya tambayi wa ya yi.

Amma duk wannan bai mai da Auta aji ba, kuma shi ne abin da ya hana mu sukuni. Ranar Litinin na zo da wuri, na tarar ɗakin ɗinki a kulle, abin da ban taɓa gani ba. Na leƙa bayan tanki, babu kowa. Sai wajen ƙarfe tara ga Gwaggo tana shigowa tana jan ƙafa, tef ɗinta a wuya, ta manta ba ta cire ba. Ta je gidan mai wankau tun da sassafe, ta gaya wa uwar komai da bakinta don kada a doki yarinyar, sannan su uku suka taka har ƙofar makaranta. Ta ce Auta ta tsaya a bakin ƙofa har aka kaɗa ƙararrawa, hannunta a kan aljihu. Daga baya ta sauke hannun ta shiga, ba ta waiwayo ba.

Ba zan ce tsokana ta ƙare ranar ba. Ba ta ƙare ba, an ma sake kiran uwar sau ɗaya a kan faɗa. Amma sunan Auta yana cikin rajista, kuma ita ta zo ta biyu a ajinsu.

Jiya na wuce ta ƙofar ɗakin na ji keke yana tafiya da wani irin sauri marar kan gado. Na leƙa, Auta ce a kan kujera bayan an tashi makaranta, da rigar wata 'yar ajinsu da hannu ya ɓalle, ɗaya daga cikin masu miƙa mata hannaye a da. Gwaggo tana tsaye a kanta tana cewa ta rage gudu, keken ya girme ta. A bango, ƙarƙashin inda aka rubuta Auta, an goge tsohon awo an sa sabo. Duk da gargaɗin da aka yi mata, ta ƙara yatsu biyu.